Angon Kusada, Ina Ka Kai Furfurarka?

Ɗan Gwaggo, barka da hutawa, in har kana samun hutun. Labari ya iso Kankia cewa ka koma zuwa zance. Wanda ya kawo mini maganar har rantsuwa ya fara yi, na ce ya bar rantsuwarsa, ai kowa ya san halin bawansa. Tun da aka ce garatuti ya shigo na san ba za a wanye lafiya ba. Shekara 35 kana riƙe da alli, kana koya wa 'ya'yan mutane lissafi, ranar da kuɗi suka faɗo maka a dunƙule sai lissafin ya gudu ya bar ka.

Masu karatu, kada ku ce na ci zarafin dattijo a bainar jama'a. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, daga gidanmu aka ɗauke ta da guɗa aka kai Kusada. Shi ɗan mace, ni ɗan namiji, don haka taubashina ne, bawana ne halak malak. Duk abin da na faɗa masa ba alƙalin da zai saurari ƙararsa. In ya kai ni gaban hakimi ma dariya za a yi, a ce mu je mu ƙarata.

Bari in fara da gemu, tunda shi ya fara tona asiri. Ranar sunan jikar yayarmu ka shigo da gemu baƙi wuluk, har wasu baƙi suka ɗauka ƙaninka ne ya wakilce ka. To amma mai askin da ya shafa maka dayis ya manta da gira, ya manta da gashin kunne. Sama fari, ƙasa baƙi. Ga shi lokacin bazara ne, rana ta take, kana zaune cikin rumfa kana fifita da hula, gumi na gangarowa daga saje yana zana baƙin layi a wuyan farar shaddarka. Na miƙo maka hankici, ka goge, hankicin ya dawo mini da rabin ƙuruciyarka. Bayan mako guda kuma da muka haɗu a kasuwar Charanchi ranar Lahadi, saiwar gashin ta riga ta leƙo fara tas daga ƙasa, tana gaida mutane.

Malamanmu sun yarda dattijo ya shafa lalle a gemu, da yawansu kuma ba sa son baƙin rini, musamman idan da niyyar a ruɗi wadda ake nema ne. Kai ka fi ni sanin wannan, kai ne mai zama sahun gaba a karatun bayan Magariba. Ni ba fatawa na zo ba ka ba. Tambaya ce kawai: furfurar nan da ka sha wahala kafin ka same ta, wadda saboda ita yara ke tashi su ba ka kujera, ake sa ka a gaba wajen karɓar aure da raba gardama, me ta yi maka ka rufe ta da kwalbar naira ɗari biyar?

Sai zancen kansa. An ba ni labarin daren farko tiryan-tiryan, kada ka tambaye ni wa ya faɗa. Ka tsaya a Gidan Mutum Ɗaya ka sayi balangu da lemo, ka ɗaure a bayan babur, ka isa ƙofar gidan bayan Isha'i kana ƙamshin turare har unguwa ta ɗauka. Ka kira wani yaro ka ce ya shiga ya ce ana sallama da wance. Yaron ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, ina wuni? Wajen Abba ka zo?" Abban nasu kuwa da ya leƙo, ashe ɗalibinka ne na aji shida, wanda ka sha zane wa a kan jadawalin sau bakwai. Ya cire takalmi ya gaishe ka da "Malam", kai kuma kana neman bakin da za ka ce masa "Baba". Da yarinyar ta shimfiɗa tabarma ka zauna lafiya lau, wajen tashi ne gwiwa ta yi ƙara, har ta waiwaya ta ce wa ya taka kara.

Na san abin da za ka ce, domin ka riga ka faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da kai: fara ce sol, doguwa, ga wushirya, ga dara-daran idanu, ga gashi har gadon baya. Wannan jerin ba daga kanka ya fito ba. Lokacin da littattafan soyayya suka cika makarantu, bayan fitowar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, kai ne gwanin ƙwace su daga hannun ɗalibai. Ka ce suna lalata tarbiyya, ka zuba a aljihun babbar riga, ka kai gida ka karance su tsaf a hasken fitilar ƙwai. Yau ga shi sun tsiro maka a ka bayan shekara talatin.

Ba na musun kyau. Kyau baiwa ce, Allah ne ya yi shi, kuma ido bai yi laifi ba don ya ga abin sha'awa ya yaba. Yarinyar mutane ma ban ce komai a kanta ba, 'yar mutunci ce, Allah ya ba ta miji daidai ita. Amma kai da tabarau ke gaya wa bambancin naira ɗari biyu da ɗari biyar, da wane idon ka tantance fari cikin duhun ƙofar gida? A zamanin nan ma da waya ke wanke hoto, ta goge ƙurji, ta ƙara hanci, ta mai da baƙi wankan tarwaɗa? Farin da kuke rububi a kansa, ku mazan da ba ku da magana sai "fara", shi ya cika kasuwanninmu da man bilicin, har a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen nan a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya, saboda sinadaran da ke ƙona fata su taɓa ƙoda. Yaran mata ba don kansu suke ƙona fuska ba. Sun ji abin da irinku ke yabo ne.

Yanzu bari in tuna maka wata kyakkyawa, tunda ƙwaƙwalwarka ta fara zuba. A 1987, shekarar da aka cire mu daga Kaduna aka ba mu jihar Katsina, ni ne babban abokin ango. Ni na yi cinikin sayen baki, ni na sha zagin ƙawaye a madadinka. Da aka yaye mayafi kai kanka ka kasa magana, sai haɗiyar yawu kake yi. Duk Kusada an yi mako ana zancen amaryar malamin makaranta. Wannan yarinyar ita ce Hajiya uwargida da yau kake wuce ta a tsakar gida kana gyara hula, kana sauri kada a rufe ƙofar gidan ɗalibinka.

Ka tambayi kanka inda kyan nan ya tafi. Ba ɓata ya yi ba, gidanka ya shiga. Ta zo maka ana tsakiyar matsin SAP na zamanin Babangida, albashin malami ba ya kai tsakiyar wata, wani lokaci ma a yi watanni ba a gan shi ba. Ita ce ke tashi tun assalatu ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli, hayaƙi na shiga idanun nan da ka taɓa cewa sun hana ka barci. Babur ɗinka na farko da kuɗin adashenta da awakinta biyu aka cika. Hannun da ka ce ya yi kaushi, itacen girkinka ne ya kausasa shi. Bayan da ka ce ya ranƙwafa, 'ya'yanka ne suka hau shi ɗaya bayan ɗaya, har da wanda yau yake aiko maka kuɗin man da kake zuwa zance da shi.

Shekarar da hawan jini ya kayar da kai aka kwantar da kai a asibiti, na zo dubiya da daddare. Na tarar da ita ta shimfiɗa ɗan zani a kan siminti a gefen gadonka, carbi a hannu, fulas ɗin kunu a kusa da kai. Kana juyawa ta farka, tun kafin ka buɗe baki ta san ruwa kake so ko fitsari. Ta san ƙwayar safe, ta san ta dare, ta san rabin da likita ya ce a ɓalla, alhali ba ta karanta abin da ke jikin kwalin, da launi ta haddace su. Kai ko sunan maganinka ba ka riƙe ba har yau. Da tsohuwar zuma ake magani, ɗan Gwaggo, kai kuwa naka maganin a hannunta yake.

Kada ka je kana cewa ɗan Kawu ya haramta abin da Allah ya halatta. Ban isa ba. Ƙarin aure halal ne ga mai iko da adalci, kuma a garuruwan nan namu akwai zawarawa da marayu da dattijo mai hali zai rufa wa asiri ya sami lada. Da irin wannan ka nufa da ni zan riƙe maka jaka. Amma tunda malamin lissafi ne kai, zo mu yi na gado. In mutum ya mutu ya bar 'ya'ya, rabon matansa tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, ko mace ɗaya ce ko huɗu. Yau tumunin nan na Hajiya ne ita kaɗai. Ranar da aka shafa fatiha ya rabu biyu: wadda ta yi kusan shekara arba'in tana tara gidan da wadda ta zo ta tarar da shi a gine, kowacce ɗaya cikin sha shida. Shari'a ce, ba mai ja. Ita kuma yarinyar, wadda ko ashirin ba ta cika ba, ka tanadar mata takaba ta wata huɗu da kwana goma, da goyon da zai tashi bai san fuskar ubansa ba sai a hoto, hoton ma da gemun aro. In ka auna duk wannan ka ga ya yi, bismilla.

Matsalarku ku mutanen Kusada ke nan, idonku kullum yana kan abin wani. Mu muke da babban titin Kano zuwa Katsina ya ratsa ta tsakiyar gari, mu muke da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya, ko a mazaɓar tarayya da aka haɗa mu da ku da Ingawa sunan Kankia ake fara kira. Duk da haka ba ka taɓa jin Bakankiye na hangen tuwon maƙwabci ba. Ku kuwa in kun zo cin kasuwa sai kun taya abin da ba za ku saya ba. Na san za ka ce ƙarya nake, kuma kai ma kana da naka jerin a kanmu. Ka kawo, ina jira.

Amma bar wasa, ka tuna kakanmu, wanda ni da kai muka haɗu a kansa. Rigar Juma'a ɗaya gare shi, saƙi, in an sauko daga masallaci a ninke ta a mayar cikin adaka. Jaki ɗaya, rumbu biyu, na gero da na dawa. In ya ɗaga murfin rumbu bayan kaka ya ga zai kai shi wata damina, sai ya ce alhamdu lillahi, ya koma gindin bedi ya miƙe ƙafa, a dama masa fura. Farin 1973 ya same shi, dabbobi suka mutu, ya raba abin da ke rumbun da maƙwabta, bai fasa barcinsa ba. Mun sha yi masa dariya muna cewa tsoho ba shi da buri. Yanzu da na kai shekarunsa na lura ban taɓa ganin mai kuɗin da ke barci irin nasa ba. Wadatar zuci ita ce dukiyar da ya bari, kuma da aka zo rabo ina jin kana bayan gida.

Dubi lokacin da ka zaɓa ma. Bayan ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, kwanon masara da buhun taki suka fi ƙarfin talaka. Mutanen yammacinmu, wajen Matazu da Ɗanmusa da Safana, da yawa sun bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, wasu suna zaune a gidajen dangi a cikin garuruwanmu. A irin wannan marra kai kana lissafin saitin akwati, da atamfa turmi kaza, da leshi, da mayafai, kana shirin shiga Kantin Kwari da garatutin da ya kamata ya zama taki da jari da kuɗin magani. Kuɗin nan sau ɗaya ake ba mutum a rayuwa. In suka ƙare a lefe, fansho ba zai riƙe gida biyu ba, kai ma ka sani. Shi ya sa bana in watan Cika-ciki ya kama kada ka aiko karɓar kuɗin shara. Na san inda za su. Hannun Hajiya zan damƙa su, ta sayi goro.

Ka ce mini zuciya ba ta tsufa. Gaskiya ne, amma ita zuciyar a cikin ƙirji take zaune, ƙirjin kuwa da shekara yake aiki. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna matsakaicin tsawon ran ɗan Najeriya bai kai shekara 60 ba. Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da 63 ya koma ga Ubangijinsa. Ni da kai mun haye sittin. Ka san in ka auni gero mai awo ya cika kwano ya tsaya, sai ya ɗebo ɗan tafi ya ƙara maka gyara. To mu yanzu gyara muke ci, kuma mai hankali ba ya ɗora tukunyar biki a kan gyara.

In kana ganin ado na hana wani abu, ka shiga mota ka je Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Tuddan da ke can kaburburan manyan ƙasar Katsina ne na ɗaruruwan shekaru. Bature Palmer ya tona a 1907, aka sake haƙawa a 1992, aka fito da mundaye da zobba, da duwatsun wuya, da hauren giwa, da wuri, har da zinariya. Kayan adon sun fito, an wanke su, an kai Jamus an gyara, masana na ta rubutu a kansu. Waɗanda suka sa adon kuwa ƙashi kawai aka tarar. Su ma a zamaninsu an yi musu kirari, an ce ba kamar su.

Ba sai mun je da nisa ba. Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana kan kujerar shugaban ƙasa ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010, washegari aka kai shi maƙabartar Ɗanmarna a Katsina, cikin farin ƙyalle irin wanda za a naɗe ni da kai. Mamman Shata, maƙwabcinmu na Musawa, wanda muryarsa ta cika ƙasar Hausa, wanda ka sha raka ni kallonsa muna samari, tun 1999 yake kwance a Daura. Janar Buhari ma a Yulin 2025 can aka mai da shi. Makarar da ke jingine a bayan masallacin unguwarku ba ta tambayar launin gemu. Masu wanka kuma da ruwa da magarya da kafur suke zuwa, ba wanda zai tsaya nemo maka dayis.

Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba, ai mutuwa rigar kowa ce. Abin da nake so ka gane shi ne wanda ya san kwanansa ƙidayayyu ne ya fi kowa sanin darajar wanda ke zaune kusa da shi. Son da ke motsi a ƙirjinka ba laifi ba ne, alama ce da sauranka. Hanya kawai ya ɓata, ya bi titi alhali gidan da aka aike shi yana bayansa. Yaushe rabon da ka zauna da Hajiya ku yi hira wadda ba ta cefane ba, ba ta rigimar surukai ba? Yaushe rabon da ka ce mata tuwon ya yi daɗi? Mu Hausawa mun iya rera wa budurwa kalamai a ƙofar gida, in ta shigo ɗaki sai kunya ta kama mu shekara arba'in. Ranar da aka fita da ɗayanmu kuma sai ka ga namiji zaune a zaure yana karɓar gaisuwa, yana faɗa wa baƙi alherin da bai taɓa faɗa wa mai shi ba.

Ga shawarar ubangidanka, kuma umarni ne. Lahadi mai zuwa ka je Charanchi ka sayo atamfa mai kyau turmi ɗaya, ba saiti ba. Ka biya ka sayi balangun nan, amma ka ce a zaɓo mai laushi, don na san yawan haƙoran da suka rage muku ku biyun. Bayan Isha'i ka sa farar shaddar, in dayis ya fita a wanki, ka fesa turaren, ka fita ka zagayo, ka tsaya a ƙofar gidanka. Ka kira ƙaramin jikanka ka ce ya shiga ya ce ana sallama da Hajiya. Za ta fito da faɗa, za ta ce tsufa ya fara taɓa ka, za ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Ka bar ta ta gama, sa'an nan ka shimfiɗa tabarma. In gwiwa ta ƙi tashi, wannan ta san yadda ake ɗaga ka.

In kuwa ka ƙi ji, to ga wasiyyata tun da sauran numfashi. Idan na riga ka, ka zo jana'izata da fuskarka ta gaskiya. Kada ka tsaya a sahun gaba da baƙin gemu, masu rabon gado su ɗauka cikin 'ya'yana kake su ware maka kaso, don na san ba za ka gyara musu ba. In kai ka riga ni, zan yi maka addu'a iyakar iyawata, zan kuma gaya wa jama'a cewa bawa ne mai biyayya, ko da yake sai an yi da gaske.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata mijinta na Kankia yana nan, in ka ci gaba da wasa da ita zan zo da motar ɗaukar kaya. Amsarka kuma ka aiko ta wannan shafin kowa ya gani. Ka sa jikanka ya rubuta maka da manyan baƙaƙe, kai dai ka dangwala hannu.

Naka,
Ɗan Kawunka na Kankia